Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Kano Da Majalisar Dokoki: Yaran Da Ke Kwana A Cikin Buhu

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kano, Injiniya Abba Kabir Yusuf, da masu girma 'yan Majalisar Dokokin Jiha.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni tsohon malamin firamare ne. Shekara 35 na yi ina shaƙar ƙurar alli kafin in ajiye aiki, yanzu kuma ina zaune a wani ɗan shagon kayan masarufi a gefen kasuwa, ina auna sukari da omo. Ban taɓa rubuta wa mai mulki takarda ba. Abin da ya sa na ɗauki biro yau, wani yaro ne da na kusa takewa da ƙafata.

Asubahin wata Talata ce cikin hunturun da ya wuce. Babu wuta, hazo ya rufe gari, na biyo ta shago kafin in wuce masallaci ina haskawa da fitilar waya. A bakin ƙofa akwai tarin kwalaye da buhuna da nake ajiye wa masu jari-bola. Na sa ƙafa zan ture su, sai tarin ya motsa. Ashe mutum ne. Ya zura jikinsa cikin buhun shinkafa har wuya, ya kifa kwalin taliya a ka. Kafin in ce uffan ya zabura ya kare fuska da hannu biyu, yana cewa, "Baba yi haƙuri, yanzu zan tashi." Daga yadda ya kare fuskar nan na gane da me aka saba tashinsa. Bai wuce shekara 10 ba.

Da muka idar da salla na ja shi wajen mai shayi. Tambayar farko da ta fito daga bakina ita ce wadda kowane Bakano zai yi: "Wane ne malaminku?" Ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Ni ba almajiri ba ne." Ya faɗi unguwarsu, unguwar da zan iya takawa da ƙafa in je in dawo kafin hantsi. Babansa ya saki mahaifiyarsa. Ta koma gidan iyayenta da shi da ƙannensa biyu, su da kakarsu da wasu mutum huɗu a ɗaki ɗaya. Da ta samu miji ta yi aure, mijin ya ce zai karɓi ta goye, amma shi ba zai riƙe agola ba. Aka mayar da yaron gidan uba. Can kuma matar uba tana da nata, kwanon abinci bai isa ba, laifin komai kansa yake faɗawa. Wata rana aka aike shi niƙa, kuɗin ya faɗi, tsoron duka ya hana shi komawa. Ya kwana a tasha. Ya sake kwana. Ba wanda ya zo nemansa. Wannan maganar ta ƙarshe ya faɗe ta ne yana tsoma burodi a shayi, kamar yana ba ni labarin wani.

Ranka ya daɗe, mu Kanawa muna da wata dabara ta kwantar wa kanmu da hankali. Duk yaron da muka gani da datti a titi sai mu ce almajiri ne, almajiri kuwa baƙo ne, daga Jigawa ko Katsina ko Damagaram aka kawo shi. Da mun faɗi haka sai nauyin ya sauka daga wuyanmu ya koma na wasu. Matsalar almajirci tana nan, babba ce, ba na rage mata komai. Amma almajiri, duk wahalarsa, yana da malam, yana da zauren da yake komawa, yana da allo, akwai gardin da zai ƙirga kawuna da dare ya ce wane bai dawo ba. Yaron da nake ba ka labari ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Irinsa suna nan a rumfunan Sabon Gari da Kwari da Singa bayan an tashi kasuwa, suna tashar Unguwa Uku, suna 'Yankaba a tsakanin kwandunan tumatir, suna ƙarƙashin gadojin da muke alfahari da su a hotuna. Da rana su wanke wa mai abinci kwanuka a ba su ƙanzo, su tsinci gwangwani da robar ruwa su kai sikeli, su yi dakon leda. Da dare manyan cikinsu su karɓe abin da suka samu, wani lokaci har da abin da baki ba zai iya faɗa ba. Daga nan ne yaro yake koyon shaƙar sholisho, saboda tana kashe yunwa da sanyi da tsoro a lokaci ɗaya, kuma ta fi kwanon garau-garau araha.

Idan aka haɗa waɗannan yara da almajirai a kwando ɗaya, maganin da za a kawo ba zai dace da ciwon ba. A 2020, lokacin korona, gwamnonin Arewa sun yi ta loda almajirai a motoci ana mayar da kowa jiharsa ta asali. Mu ajiye maganar ko hakan ya yi amfani. Shi wannan yaron wace jiha za a mayar da shi? A nan aka binne cibiyarsa.

Na ga kame iri-iri a garin nan. A ƙarshen 2013 an yi dokar hana bara a tituna. A watan Fabrairun 2020 an sake shelar haramta ta. Kowane karo haka ake yi: motoci su fito, a kwashe mutane, 'yan jarida su ɗauki hoto, shataletale ya yi fes na mako biyu ko uku, sannan a hankali a dawo gidan jiya. A ƙarshen 2024 gwamnatinka ta yi abin da ya fi na baya tunani, da Hukumar Hisbah ta riƙa bin kasuwanni da tashoshi cikin dare tana tattara yaran da ke kwana a waje, aka kai su sansanin alhazai da niyyar a kula da su, a sa su makaranta ko sana'a. Na yaba, domin a karon farko na ji hukuma ta ambaci waɗannan yara da sunansu, ta bambanta su da almajirai. Sai dai yaron da na tarar a buhu bayan wannan aikin na tarar da shi. An kwashe ruwan da ya taru a ɗaki, ramin da ke saman kwano yana nan.

Ramin nan kuwa, a ganina, ɗaki ne. Ɗakin uwa. Yawancin yaran titi sai da uwarsu ta rasa ɗakinta kafin su rasa nasu wurin kwana.

Bari in ba ka abin da na gani a layinmu da damina. Wata baiwar Allah ce mai sayar da awara, mijinta ɗan dako ne, ya faɗi ciwo ya rasu ya bar mata 'ya'ya biyar a ɗakin haya. Shekara ta zagayo, mai gida ya ninka kuɗi, ya ce kuma na shekara yake so a dunƙule. Ta roƙi a bar ta ta riƙa biya wata-wata, dillali ya ce akwai mai jiran ɗakin da kuɗinsa a hannu. Na dawo daga azahar na tarar da kayanta a waje: katifa ɗaya da ta sha jiki, tukwane biyu a cikin bokiti, buhun tufafi, da kaskon suyar awarar. Babbar 'yarta tana zaune a kan katifar tana riƙe da jakar makarantar ƙaninta don kada ta jiƙe. Maƙwabta muka yi karo-karo, bai kai ko rabi ba. Ta raba yaran: biyu wajen ƙanwarta, ɗaya wajen wani kawu a ƙauye, ita da ƙananan biyu suka shiga wani kango da mai gadi ya yarda su fake a ciki, babu ƙofa, babu banɗaki, buhu aka rataya a taga. Gida ɗaya ya watse gida uku a yini guda, ba a yi gobara ba, ba a yi ambaliya ba, saboda haka babu hukumar agajin da za ta zo da buhun shinkafa da kyamara.

Wani zai ce ai talauci ba yau aka fara shi a Kano ba. Gaskiya ne. Amma da can birnin nan yana da inda yake ɓoye talakansa. Kowane gida da soronsa, baƙo ya sauka, ɗan ci-rani ya shimfiɗa tabarma, fatoma ya karɓi fatake, wanda dare ya yi wa ya je ƙofar mai unguwa. Yanzu soraye sun zama shaguna, har nawa da nake zaune a ciki soron wani ne a da. Gidajen gado an sayar an raba kuɗin, kowa ya kama haya a Rimin Kebe ko Ɗorayi ko Sheka. Masallatai ana garƙame su da kwaɗo bayan isha'i saboda ɓarayin amsa-kuwwa da batir. Ban ga laifin masu rufewa ba, mu ma an taɓa kwashe mana. Amma duk ƙofofin da talaka yake turawa da dare mun rufe su ɗaya bayan ɗaya, ba mu buɗe wata a madadinsu ba.

Ga kuma tsadar da ta zo ta hau kai. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahoto a 2022 cewa mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin 100 na 'yan Najeriya, suna cikin talauci ta fuskoki da yawa, kuma mafi yawansu a Arewa suke. Wannan lissafi tun kafin a cire tallafin mai ne. Ranar 29 ga Mayun 2023, ranar da aka rantsar da kai, ita ce ranar da aka cire shi a Abuja. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 cikin kusan shekara ɗaya da rabi, kwanon masara da kuɗin adaidaita sahu da kuɗin haya duk suka bi ta. Ka ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 71,000, ma'aikata sun gode. Mai dako da mai wankau da mai ga-ruwa da mai awara ba su da takardar albashi. Masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa da suka riƙe iyayenmu da yayyenmu, da yawansu ƙadangaru ne ke gadinsu. Sannan ga waɗanda 'yan bindiga suka koro daga Zamfara da Katsina da Sakkwato, mata da yara, sun sauka a tasha ba su san kowa ba. Na san ba kai ka jawo waɗannan ba. Amma a ƙofarka suka sauke kayansu.

Ranka ya daɗe, kai da kanka ka je fadar shugaban ƙasa a watan Nuwamban 2024 ka karɓo yaranmu da aka tsare bayan zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta, waɗanda duniya ta ga wasunsu suna zubewa a gaban Babbar Kotun Tarayya a Abuja, haƙarƙarinsu a waje. Duk wanda ya ga hoton nan bai yi barci da daɗi ba. Ni kuma ina saurayi aka yi rikicin Maitatsine a Disambar 1980, wanda ya ci sama da mutum 4,000 a garin nan, na kuma san irin samarin da ya tara a 'Yan Awaki: waɗanda suka shigo birni ba su da kowa, shi ya ba su wurin kwana da abinci. Yaron da ba wanda ya tambayi inda ya kwana, duk wanda ya fara tambayarsa shi ne ubangidansa, ko dilan ƙwaya ne, ko shugaban daba, ko ɗan siyasar da ke neman masu riƙe gora ranar zaɓe. Masu ƙwacen wayar da suka hana mu fita bayan magariba ba daga sama suka faɗo ba. Amma ba na so in roƙe ka da tsoro kaɗai, kamar dai yaro bai cancanci bargo ba sai don kada ya girma ya sare mu. Ya cancanta ne saboda yaro ne, kuma sanyi ake yi.

Abin da nake roƙo na farko ƙarami ne a kasafin kuɗin jiha. A buɗe gidajen kwana, ko ɗaya-ɗaya ne a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni: Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Gidan da yaro zai shigo da ƙafarsa da magariba, ya samu tabarma da bargo da ruwan wanka da kofin koko, ya fita da safe ba a tsare shi ba. Ɓangaren mata masu yara daban, da mata masu kula da shi. Wannan sharaɗi na shiga da fita da ƙafa shi ne ƙashin bayan abin. Yaran nan sun san ƙarar motar kame tun daga nesa, da sun ji ta sai su watse cikin kwatoci da kangwaye, su ƙara nisa da duk mai son taimakonsu. Idan ƙofa a buɗe take, yau ya zo don koko, gobe ya zo don bargo, jibi ma'aikacin jin daɗin jama'a ya san sunansa da na unguwarsu da abin da ya koro shi. Daga nan ake fara maganar sulhu da gida, ko makaranta, ko koyon sana'a. Ba baƙon abu ba ne a addininmu. A masallacin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, akwai rumfar da marasa gida suke kwana, Ahlus Suffa, kuma daga cikinsu aka samu Abu Huraira. Gine-ginen gwamnati da ba a amfani da su suna da yawa a garin nan, ba sai an kira ɗan kwangila ya zuba sabon tubali ba.

Na biyu ya shafi kotuna da majalisa. Shari'a ta ɗora ci da sha da tufafi da wurin kwanan yaro a kan ubansa, ko yana tare da uwar ko sun rabu. Kowa ya san wannan a karatu. A aikace, bazawarar da ba ta da kuɗin mota ita za ta yi ta sintiri a kotu, a yanka wa uban abin da bai isa kokon mako ba, ya biya wata biyu ya ɓace. Tun 2017 Sarki Muhammadu Sanusi II ya tayar da maganar dokar iyali, aka yi ta cacar baki a rediyo, magana ta lafa. An sa hannu a Dokar Kare Yara ta jiha a watan Mayun 2023. Masu girma 'yan majalisa, ku tambayi kanku uba nawa aka kira aka tambaye shi ina ɗansa tun daga ranar. Wanda ba shi da hali a taimake shi, wannan daban. Amma akwai mai halin da zai ƙara aure da akwati jere, ɗansa na fari yana kwana a tasha. Irin wannan albashinsa ko cinikinsa ya kamata kotu ta bi, ba sai uwar ta zo tana kuka ba.

A nan ina da wata 'yar shawara game da auren gata. A watan Oktoban 2023 gwamnatinka ta aurar da ma'aurata 1,800, an yi gwajin lafiya, an ba da gado da katifa da sadaki da jari. Alheri ne. To a ƙara tambaya ɗaya a takardar da ake cikewa: 'ya'yan da bazawarar nan take da su, a ina za su zauna, wa zai ciyar da su? A sa uban yaran da sabon mijin su amsa a gaban Hisbah kafin a shafa fatiha. Idan ba haka ba, muna iya ɗaura aure da hannun dama mu tura agola titi da hannun hagu.

Sai maganar haya. Unguwannin Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo da gwamnatin jiha ta gina gidaje ne masu kyau, amma mai awara ko a mafarki ba ta taɓa shiga cikinsu ba. Ita ɗaki ɗaya take nema da banɗakin tarayya. Majalisa za ta iya yin dokar da za ta ba mai hayar ɗaki ɗaya damar biya wata-wata, ta hana a watsa kayan mace mai marayu waje ba tare da wa'adi da sanin mai unguwa ba. Masu gidaje ma mutane ne, wasunsu tsofaffi ne da hayar ce abincinsu, don haka a samar da asusun da zai cike giɓin wata biyu ko uku ga gidan da mutuwa ko ciwo ya faɗa wa. Muna da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003, muna da attajiran Kwari da Singa da Dawanau. Kowace azumi ana rabon shinkafa da atamfa har a tattake juna a ƙofar masu kuɗi. Da za a samu goma daga cikinsu kowa ya gina ɗakuna ashirin ya yi waƙafinsu ga zawarawa masu marayu, da ladan ya fi daɗewa a kan buhun da za a cinye kafin salla. Kai ne mai kiran su su amsa.

Ka ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, ana gyara azuzuwa, ana raba kayan makaranta. A matsayina na wanda ya tsufa a aji, ina gaya maka yaron da bai yi barci ba ba ya karatu. Na sha ganin mai gyangyaɗi a layin baya in zane shi, sai daga baya in gano a rumfar mai nama ya kwana. Allah Ya yafe mana. Kuma masu unguwanni sun san gidan da aka yi saki, da gidan da aka yi rasuwa, da kangon da mutane ke kwana a ciki. A mazaɓu 484 na jihar nan, da za a ba kowane mai unguwa littafi da lambar wayar da za a ɗauka idan ya kira, da an san adadin yaran nan kafin sanyi ya sauka.

Kada in ɗora wa gwamnati komai in wanke kaina. Yaron nan na ba shi bargo, na ce ya riƙa kwana a bakin shagon, na gaya wa mai gadin layi kada a taɓa shi. Na yi shawarar kai shi gida, ni da mai ɗakina muka tattauna, tsoro ya hana mu: idan wani abu ya ɓata fa, idan iyayensa suka ce mun sace shi fa? Na je wani ofishi neman yadda za a yi, aka ce in kawo takarda daga wani ofishin, can kuma aka ce mai sa hannu ya yi tafiya. Na je unguwarsu na samu uban, ya ce yaron ne ba ya jin magana, in ya gaji zai dawo. Kwana 40 da wani abu ya yi a ƙofata. Wata safiya na zo na tarar ya ninke bargon ya ɗora a kan kwali, shi kuma babu shi. Na tambayi mai shayi, na tambayi masu sikelin gwangwani, wani ya ce ya gan shi ya hau bayan tirela mai zuwa Legas, wani ya ce a'a, yana wajen Ƙofar Ruwa. Bargon yana nan ƙarƙashin kantata.

Ranka ya daɗe, wata rana idan ka taso daga wani taro da daddare, ka sa a kashe jiniya, a rage motoci, ka bi ta ƙarƙashin gadar Ƙofar Nasarawa da bakin kasuwar Sabon Gari wajen ƙarfe biyu. Ka sa direba ya tafi a hankali, ka dubi buhunan da ke jere a gindin bango.

Allah Ya taya ka riƙo, Ya ba ka mashawarta na gari.

Naka cikin girmamawa,
Wani tsohon malamin firamare,
daga cikin birnin Kano.